KIƊA KE BIN TAFIYA, KO TAFIYA KE BIN KIƊA? TAƘAITACCEN TARIHIN KIƊA A CIKIN MOTA

Gabatarwa

Hausawa kan ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Wannan karin magana ya ɗauka cewa kiɗa ne a gaba, mai motsi kuwa yana biye da shi. To, amma a 'yan shekarun nan masu ƙera motoci a Turai da Amurka sun duƙufa wajen juya al'amarin, wato suna so tafiyar mota ta riƙa sarrafa kiɗan da ke tashi a cikinta. In direba ya taka totur kiɗa ya ƙara zafi, in ya taka birki kiɗa ya lafa, ba tare da ya kai hannunsa ga rediyo ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wannan tunani, tun daga makaɗanmu na gargajiya har zuwa na'urorin da ke cikin motocin yau. Yawancin misalaina na ɗauko su ne daga Ɗorayi, unguwar da na tashi, da kuma hanyoyin da ma'aikata ke bi zuwa masana'antun Sharaɗa da Calawa da Bompai. Abin da nake son nuna wa mai karatu shi ne, kiɗan da ke bin motsi daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa, kuma Bahaushe ya daɗe da sanin amfaninsa da haɗarinsa. Wannan sani kuwa yana da muhimmanci yanzu, domin magana ce ta rayukan mutane a kan titi.

Kiɗa da Motsi Kafin Zuwan Mota

Duk wanda ya nazarci kaɗe-kaɗen Hausa zai ga cewa da yawa daga cikinsu suna rataye ne da sana'a. Mahauta suna da kalangu, maƙera suna da dundufa, manoma suna da gangar noma. Idan aka yi gayya, manoma suka jeru kowa da kunyarsa, makaɗi ba ya zama a inuwa ya yi ta kaɗa abin da ya ga dama. Yakan bi su ne sawu da ƙafa, idonsa a kan garma. Wanda ya tsere wa 'yan uwansa sai a kaɗa masa takensa, wanda aka bari a baya sai a yi masa zambo ko a kira sunan kakansa don ya ji kunya ya yunƙura. In rana ta take, ƙarfi ya fara ƙarewa, makaɗi mai hankali yakan sassauta. Ashe ke nan saurin aiki shi ke ba makaɗi labarin abin da zai kaɗa.

A cikin gida ma haka abin yake, har ma ya fi. A wajen lugude, taɓarya da turmi su ne kayan kiɗan, kuma saurin dakan shi ne saurin waƙar. Haka nan waƙar niƙa da ta daɓe. A nan babu wani tsakani da zai raba aiki da kiɗa, domin hannun da ke aikin shi ke fitar da sautin.

A fagen dambe, makaɗi irin su Muhammadu Bawa Ɗan Anace yana kallon ɗan damben da yake yi wa waƙa, irin su Shago, kuma kiɗan yakan hau ko ya sauka gwargwadon abin da ke gudana a fage. Mu mutanen Ɗorayi muna da namu misalin a Hawan Ɗorayi, wanda Sarkin Kano kan yi a cikin bukukuwan salla. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanya ya san cewa kiɗan da ake yi wa doki mai takawa a hankali dabam yake da wanda ake yi idan mahaya suka zabura.

Abubuwa biyu ya kamata mu riƙe daga wannan sashe. Na farko, makaɗin gargajiya mai karanta motsi ne. Na biyu, ba karantawa kaɗai yake yi ba, yana kuma zuga. Motsi ya haifi kiɗa, kiɗan kuma ya dawo ya ƙara wa motsin wuta. A gona wannan alheri ne, domin iyakar abin da zai faru shi ne a gama noma da wuri, a kwana da ciwon baya.

Zuwan Mota da Masana'antu

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma cinikin gyaɗa da ya biyo baya shi ya buɗe wa manyan motoci hanya, domin su ke kwaso ta daga ƙauyuka zuwa bakin dogo. Bompai ita ce unguwar masana'antu mafi daɗewa, tun zamanin Turawa. Sharaɗa da Calawa kuwa sun bunƙasa ne bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, aka cika su da kamfanonin jima da na saƙa da na robobi da na kayan abinci. Ɗorayi, wadda a da ƙauye ce a bayan ganuwa, sai ta zama wurin kwanan ma'aikata da direbobi da kanikawa, saboda kusancinta da Sharaɗa da hanyar Panshekara wadda ke kaiwa Calawa.

Motocin farko ba su da rediyo. Dattawan direbobi kan ce kiɗansu a wancan lokaci shi ne kukan inji. Da kunne direba ke sanin lokacin sauya giya, da kunne yake gane in filogi ya mutu ko kaya sun yi wa mota yawa a kan hawa. Idan dare ya tsala, barci ya fara fizgarsa, yaron mota ne zai ɗauko waƙa ko hira. Wasu kuma sukan mayar da hon tamkar take, yadda mutanen gari za su gane wane ne ya iso tun kafin su ga motar. Mawaƙa ma ba su bar wannan sabuwar sana'a ba. Alhaji Mamman Shata ya yi wa direbobi waƙoƙi, Ɗan Maraya Jos kuma ya yi fitacciyar waƙarsa ta Karen Mota. Sana'ar tuƙi ta shiga sahun sana'o'in da ake yi wa kiɗa, sai dai ba a iya ɗora makaɗi a gefen kowane direba kamar yadda ake yi wa manomi.

Rediyo da Kaset

A can ƙasashen waje an fara sa rediyo a mota tun da wuri. A 1930 kamfanin Paul Galvin na Amurka ya fitar da rediyon mota mai suna Motorola, a 1932 kuma kamfanin Blaupunkt ya fitar da nasa a Jamus. A 1956 kamfanin Chrysler ya gwada sa na'urar faifai irin ta garmaho a cikin mota, amma abin bai karɓu ba, aka daina bayan 'yan shekaru. Abin da ya kawo sauyi na haƙiƙa shi ne kaset, wanda kamfanin Philips ya nuna wa duniya a Berlin a 1963. Ƙarami ne, ba ya tsoron girgiza, kuma kowa na iya naɗar abin da yake so.

Kaset ya yaɗu a wurinmu a shekarun 1970, lokacin arzikin man fetur. Kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975 ya sa rediyo da rikoda da babur sun shiga gidaje masu yawa. A wannan shekarar ce kuma kamfanin Fijo na Kaduna ya fara haɗa motoci, Fijo 504 ta zama sarauniyar tashoshin Arewa. Kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar kwafe kaset da rarraba shi. Direban hayis da ke ɗauko ma'aikata da asuba zuwa Sharaɗa ya sami Shata da Ɗan Ƙwairo da wa'azin malamai a cikin ɗan akwatin da ke gabansa. Daga baya gidajen rediyo masu zaman kansu suka zo, ciki har da Freedom Radio wadda ta fara aiki a 2003 daga cikin Sharaɗa kanta.

Sai dai a lura, kaset ya kawo makaɗi cikin mota, amma ya kawo shi ba ido. Kalangun da aka naɗa a 1975 haka zai yi ta bugawa, ko mota tana sheƙa gudu a hanyar Zariya, ko ta maƙale a cunkoson Ƙofar Famfo. Igiyar da ta ɗaure kiɗa da motsi tun zamanin gayya ta tsinke. Idan hanya ta taɓa kiɗa a wancan zamani, to ɓarna ta yi: zafi da ƙura su sa rikoda ta tauna kaset, ko kuma, bayan zuwan faifan CD, rami ya sa waƙa ta yi tsalle. Mai sarrafa kiɗa guda ɗaya da ya rage shi ne hannun direba. Har zuwa zamanin memori da wayar hannu da lasifikokin da matasa ke ɗaura wa Adaidaita Sahu, haka abin ya ci gaba.

Yadda Mota ta Fara Ba da Labarin Kanta

Kafin tafiyar mota ta sarrafa kiɗa, dole ne motar ta san halin da take ciki, ta kuma iya faɗa. Wannan bai samo asali daga son kiɗa ba, daga yaƙi da hayaƙi ya fito. Jihar Kalifoniya ta Amurka, wadda hayaƙin motoci ya addabi biranenta, ita ta fara tilasta wa kamfanoni su sa wa injuna na'urar da za ta riƙa lura da lafiyarsu. Aka maye gurbin kafireta da ƙwaƙwalwar mota, wato ƙaramar kwamfuta wadda ke auna iska da mai da zafin inji da yawan juyawarsa a kowane minti.

Da na'urori suka yi yawa, sai wayoyi suka nemi su gagari masu ƙira. A 1986 kamfanin Bosch na Jamus ya gabatar da wani tsari mai suna CAN, wanda ke ba dukkan na'urorin mota damar yin magana a kan wayoyi biyu kacal. Kowace na'ura tana shelanta abin da ta sani, mai bukata ya ɗauka. Marsandi ta yi amfani da shi a manyan motocinta na 1991. Daga 1996 kuma doka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a Amurka ta kasance da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, wadda ake kira OBD. Tarayyar Turai ta bi sahu a 2001 ga motoci masu shan fetur.

Wannan kafa ba baƙuwa ba ce a Kano. Yawancin motocin da ake shigo da su na hannu, waɗanda muke kira 'yan Kwatano, suna ɗauke da ita. Ita ce bakanike ke nema idan ya ce zai sa wa mota kwamfuta, kuma ana samun ƙananan na'urorin da ake soka mata, su aika da bayani zuwa wayar hannu ta Bluetooth. Daga nan ana iya karanta gudun mota, da juyawar inji, da zurfin taka totur, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Ke nan abin da tsohon direba ke ji da kunne ya koma lambobi, kuma duk abin da ya zama lamba ana iya ba na'urar kiɗa umarni da shi.

Gwaje-gwajen Haɗa Kiɗa da Tuƙi

Mataki na farko mai sauƙi ne, kuma zuwa shekarun 1990 an riga an saba da shi a motocin Turai. Rediyo takan karɓi labarin gudun mota, sai ta ɗaga murya idan gudu ya ƙaru, domin ƙarar iska da ta taya suna danne sauti, ta kuma sauke idan an tsaya. Mutane da yawa a nan suna tuƙa motoci masu wannan dabara ba tare da sun sani ba. Haka kuma wasu motoci kan rage sautin rediyo da zarar an sa ribas, don direba ya ji ƙarar gargaɗi.

Mataki na biyu ya wuce ɗaga murya, ya shiga cikin jikin kiɗan. A 2013 kamfanin Volkswagen ya yi wani gwaji na talla a Ingila tare da wasu makaɗa masu suna Underworld, inda aka haɗa bayanan mota ƙirar Golf da wayar hannu, kiɗan yana sauyawa gwargwadon gudu da juyawar inji da karya kwana. A watan Janairu na 2024, a bikin baje kolin fasaha na Las Vegas, Marsandi tare da mawaƙin Amurka will.i.am suka nuna wani tsari mai suna MBUX Sound Drive. Dabarar ita ce a rarraba waƙa gida-gida, ganga dabam, murya dabam, sauran kayan kiɗa dabam, sannan a ɗaura kowane gida a kan wani motsi na direba, kamar taka totur ko birki ko murza sitiyari. Idan mota tana tsaye sai a ji ɗan amo kaɗan, idan ta miƙa sai waƙa ta cika.

Mai karatu zai ga cewa wannan shi ne aikin makaɗin gayya, an ɗora shi a kan waya. Totur ya zama garma, kwamfuta ta zama mai ganga. Abin da injiniyoyi suka kashe shekaru suna nema shi ne su mayar wa kiɗa idon da kaset ya cire masa.

Zuga ko Tsawatarwa

A nan ne darasin gargajiya yake da amfani. Mun riga mun ga cewa kiɗan da ke bin motsi yakan juyo ya zuga mai motsin. Masana ma sun tabbatar da wani ɓangare na wannan. Wani mai bincike, Warren Brodsky, na Jami'ar Ben-Gurion, ya gwada mutane a na'urar koyon tuƙi a farkon shekarun 2000, ya tarar cewa idan kiɗa ya ƙara sauri, su ma sukan ƙara gudu, su kuma ƙara karya dokokin hanya. To, idan kiɗan kaset wanda ba ya ganin direba yana da wannan tasiri, ina ga wanda zai riƙa saka masa da daɗi duk lokacin da ya ƙara taka totur? Irin wannan na'ura maroƙi ce da ba ta gajiya, kuma ba ta san akwai 'yan makaranta da ke tsallaka titi a Ja'en ba.

Hanyoyinmu ba filin gwaji ba ne. A kan titin Panshekara, tirela mai ɗauke da fatu ko sinadarai tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da Adaidaita Sahu da mai keke da mai tura ruwa. Gudu fiye da kima yana cikin manyan abubuwan da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, take kuka da su, shi ya sa daga watan Fabrairu na 2017 ta fara tilasta wa motocin haya su sa na'urar taƙaita gudu. Ba zai yi ma'ana ba a ce da hannu ɗaya ana ɗaure ƙafar direba, da ɗaya hannun kuma ana kaɗa masa take.

Amma bayanan da za a iya yin zuga da su, su ne kuma za a iya yin tsawatarwa da su. Wajen 2009 kamfanin Ford ya fito da wani makulli mai suna MyKey, wanda iyaye ke ba 'ya'yansu matasa. Idan aka tayar da mota da shi, rediyo ba za ta yi magana ba sai an ɗaura bel, kuma akwai iyakar da sauti da gudu ba za su wuce ba. A 2014 a jihar New Mexico ta Amurka an sassaƙa ƙananan kwaruruka a kan wani titi, yadda taya za ta fitar da karin waƙa, amma ba ta fita daidai sai an yi tafiyar mil 45 a awa. Wanda ya yi gaggawa ya ɓata wa kansa waƙa. Wannan ya yi kama da makaɗin da ke sassautawa idan ya ga rana ta take wa manoma.

Akwai kuma abin da wayar mota ba ta ɗauke da shi ko kaɗan. Na sha lura da direbobin unguwarmu. Idan aka kira salla sukan kashe kiɗa. Idan aka zo wucewa ta gefen maƙabarta, ko aka yi kiciɓis da masu ɗauke da gawa, sukan rage. Idan dattijo ko malami ya shigo, wani ma yakan cire waƙar soyayya ya sa karatu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke cikin lambobin gudu ko juyawar inji. Na'ura ta gaji idon makaɗi, amma ba ta gaji kunyarsa da sanin ya kamata ba.

Kammalawa

A taƙaice, tarihin kiɗa a cikin mota ya bi matakai ne kamar haka: lokacin da makaɗi ke kallon mai aiki, sai lokacin da kaset ya raba kiɗa da motsi, sai kuma yanzu da kwamfuta ke ƙoƙarin sake haɗa su. Kayan aikin sun riga sun iso gare mu, tunda kafar OBD tana ƙarƙashin sitiyarin motoci masu ɗimbin yawa a Kano, wayar da za ta karanta ta kuma tana aljihun kowa. Ba abin mamaki ba ne wani ɗalibin sashen injiniya ko na kwamfuta ya haɗa irin wannan tsari da kalangu ko kuntigi a ɗakin kwanansa.

Shawarata ga duk wanda zai yi haka ita ce ya ratsa ta sashen Hausa tukuna. Mu ne ke da bayanin take da kirari da zuga, mu ne muka san abin da ganga ke yi wa zuciyar namiji a gaban jama'a. Idan za a ƙera wa direban Ɗorayi makaɗi na ƙarfe, to a ƙera wanda kiɗansa zai yi daɗi idan ana tafiya a natse, ya dushe idan an wuce iyaka, kuma a bar wa direba maɓallin kashewa kusa da hannunsa. Haka nan ina kira ga 'yan uwana ɗalibai da mu je tashoshi da garejoji mu naɗi bayanan tsofaffin direbobin Bompai da Sharaɗa da Calawa game da hon da kirarin mota da kasusuwan da suka yi tashe, tun suna raye. Allah ya kiyaye hanya, ya sa mu sauka lafiya.